Kandida a Kan Jijiyar Roba: Nazarin Wani Lamari Wata Biyar Bayan Tiyatar Awota

Majiyyacin namiji ne ɗan shekara 63, yana da ciwon suga fiye da shekara goma, ya daɗe yana shan taba, ƙodarsa kuma ta fara rauni, domin awon tacewarta bai wuce 55 ba. Abin da ya kai shi ɗakin tiyata tun farko shi ne toshewar ƙarshen awota, wato babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, da rassanta biyu masu gangarawa ƙafafu. Ba ya iya tafiyar mita 50 sai ciwon sharaɓa ya tsayar da shi. Aka dasa masa jijiyar roba ta Dacron mai siffar wando, faɗin gangar jikinta milimita 16, kowace ƙafa milimita 8. Aka ɗinka samanta a jikin awota ƙasa da jijiyoyin ƙoda, ƙafafun biyu kuma aka kai su gindin cinya, dama da hagu.

Tiyatar ta yi kyau, jini ya sauka ƙafafu. Jinyar bayanta ce ta zo da gardama. Hanjinsa ya ƙi motsi, sai da aka yi kwana 12 ana ciyar da shi ta bututun da aka zura a babbar jijiyar wuya. A cikin wannan lokaci ya kamu da ciwon huhu, aka ba shi maganin bakteriya mai faɗin aiki har kashi biyu, na ƙarshen merofenem, jimilla kusan mako uku. Yankan gindin cinyar hagu kuma ya yi ta tsiyayar ruwa garai-garai, irin na jijiyoyin kaluluwa da aka yanke, kusan kwana 20 kafin ya kafe. Duk wanda ya san kandida, wato wani nau'in fangas mai kama da yisti da ke zaune a fata da hanji, zai ga an share mata fili: ga suga a jini, ga abinci mai suga da mai yana bi ta roba a jijiya, ga maganin da ya kashe bakteriyar da ke tare mata hanya, ga kuma miki mai danshi a wurin da jijiyar roba ta fi kusa da fata.

Dawowarsa asibiti

Bayan wata biyar ya dawo da zazzaɓi mai sauƙi wanda ba ya wuce digiri 38, da gumin dare, da rama ta kilo shida. A kan tabon hagu akwai wata 'yar ƙofa da ba ta kai ƙwayar dawa ba, tana fitar da ruwa mai ɗan kauri. Fatar kewaye ba ta yi ja sosai ba, babu zafi da yawa. Awon CRP, mai nuna kumburin cikin jiki, ya kai 68, fararen ƙwayoyin jini kuwa daidai suke. Haka cutar fangas kan zo, a hankali, ba ta da hayaniyar da bakteriya irin su Staphylococcus aureus ke yi da mugunya da zafin jiki mai tsanani. Shi ya sa ake raina ta.

An shafo bakin ƙofar da auduga aka kai ɗakin gwaji. Abu biyu suka tsiro: bakteriyar Staphylococcus epidermidis da kandida. Aka ɗauki na farkon a matsayin mai laifi, aka ce kandidar ta fata ce kawai, aka fara bankomaisin, maganin bakteriya. A nan aka yi kuskuren farko. Gaskiya ne shafar bakin miki ba abin dogaro ba ce, don takan kwaso duk abin da ke zaune a fata. Amma idan ƙofa ce da ke iya kaiwa ga jijiyar roba, ba a yi wa kandida hukuncin baƙuwa mai wucewa sai an ɗauko samfuri daga can ciki an ga ba ta nan. Mako uku aka yi ana bankomaisin, zazzaɓin bai tafi ba, ƙodar kuma ta ƙara jigata.

Sai a lokacin aka yi hoton CT da ruwan da ke haska jijiyoyi. Ya nuna ruwa ya kewaye ƙafar hagu ta robar tun daga gindin cinya har zuwa inda wandon ya rabu biyu, da 'yan ƙananan kumfar iska guda uku. A mahaɗar hagu, inda aka ɗinka roba da jijiya, an ga wani ɗan buhun jini mai faɗin santimita 2, alamar ɗinkin ya fara saki. Lokaci yana da muhimmanci wajen karanta irin wannan hoto. Ruwa da iska a kusa da roba abu ne da aka saba gani a makonnin farko bayan tiyata. Ƙa'idojin MAGIC, waɗanda aka fitar a 2016 don gane kamuwar jijiyar roba ta awota, sun ɗauki iskar da ta wuce mako 7, ko ruwan da ya wuce wata 3, a matsayin babbar alama. Ƙofar da ke kaiwa ga roba ita ma babbar alama ce, haka nan ƙwayar cutar da aka samu a ruwan da aka zuƙo da allura bisa jagorancin hoto. Babbar alama ɗaya tare da wata alama daga wani rukuni sun isa a tabbatar. Wannan majiyyaci yana da su a rukuni biyu tun kafin a zuƙo komai.

An zuƙo ruwa mililita 6 da allura, ana kallo da na'urar duban dan tayi, aka shiga ta lafiyayyar fata nesa da ƙofar don kada a tura ƙazantar waje ciki. Candida glabrata ce ta tsiro, ita kaɗai. An ɗibi jini sau uku don reno, wato a ajiye shi a kwalba a ga ko wata ƙwayar cuta za ta tsiro, babu abin da ya fito. Wannan bai wanke kowa ba, domin renon jini yakan rasa kusan rabin masu kandidar da ta shiga cikin jiki, Aspergillus kuwa, wani fangas na dangin funfuna, da ƙyar take taɓa fitowa a kwalbar jini. Awon beta-glukan, wani sinadari na bangon ƙwayar fangas, ya kai 240, alhali 80 ne iyakar da ake ɗauka a matsayin alama a gwajin da aka fi amfani da shi. Sai dai a yi hattara da shi: bandejin tiyata da ya taɓa cikin jiki, da ƙarin albumin, da wasu matatun wankin ƙoda, duk suna iya ɗaga shi ba tare da cuta ba. Tallafi yake yi, ba shi ke yanke hukunci ba.

Tarkon flukonazol

Da jin sunan kandida aka rubuta flukonazol, maganin fangas, miligiram 200 a rana. Kuskure na biyu ke nan, kuma ta fuska uku. Na ɗaya, adadin ya yi kaɗan ko ga Candida albicans, wadda ake fara mata da 800 a ranar farko sannan 400 kullum. Na biyu, glabrata ba ta jin flukonazol yadda albicans ke ji. Ko wadda ta fi sauƙin kai a cikinsu sai an ba ta babban adadi, wasu kuma ba sa ji sam. Candida krusei ma tun asali ba ta san da zamansa ba. Na uku shi ne mafi girma, kuma da shi duk sauran shawarwari ke tafiya.

Dacron saƙa ce ta zaren roba, cike da ƙananan ramuka, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta. Da zarar kandida ta manne, takan gina wa kanta wata shimfiɗa mai yauƙi da danƙo, ta zauna a ciki. Wannan yauƙi yana riƙe magani kafin ya isa gare ta, ƙwayoyin da ke can ƙasa kuma sun rage girma, fararen ƙwayoyin jini ba sa iya kutsawa. Flukonazol da danginsa hana kandida yaɗuwa suke yi, ba kashe ta suke yi ba, kuma a cikin wannan shimfiɗa ƙarfinsu kusan babu. Sakamakon da ɗakin gwaji ke kawowa na cewa ƙwayar tana jin magani an auna shi ne a kan ƙwayoyin da ke yawo a ruwa, ba waɗanda suka yi gida a roba ba. Magungunan da ke taɓuka wani abu a can su ne dangin ekinokandin, wato kasfofanjin da mikafanjin da anidulafanjin, sai kuma amfoterisin B wanda aka haɗa da kitse. Su ma ba su da tabbacin gamawa da ita matuƙar robar tana nan.

Bayan kwana huɗu aka sauya zuwa mikafanjin miligiram 150 a rana ta jijiya. Adadin da aka saba bayarwa ga kandidar jini 100 ne, amma ƙa'idojin ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka na 2016 sun ba da babban adadi idan cutar ta kama ƙyauren zuciya ko wata na'ura a cikin jijiya: mikafanjin 150, ko kasfofanjin 150, ko anidulafanjin 200 a rana. Daga can ake aro don jijiyar roba. Ɗayan zaɓin shi ne amfoterisin B mai kitse, miligiram 3 zuwa 5 ga kowane kilo na nauyin jiki, a haɗa ko kada a haɗa da flusaitosin miligiram 25 ga kilo sau huɗu a rana. An kauce masa a nan saboda ƙoda. Yana lalata ta, yana zubar da fotasiyam da magnesiyam, flusaitosin kuma yakan taru idan ƙoda ba ta tacewa, ya danne ɓargo.

Kafin tiyata aka duba sauran wuraren da kandida ke ɓuya. Hoton zuciya ta maƙogwaro bai nuna komai a ƙyauren zuciya ba. Likitan ido ya buɗe ƙwayar ido ya duba ciki, lafiya lau. Wannan dubawa ba ta al'ada ba ce kawai, domin ekinokandin ba ya shiga ido sosai, da an ga tabo sai an ƙara wani magani. An kuma zura kyamara ta baki har ƙarshen duwodenam, sashen farko na ƙaramin hanji, wanda ke kwance daidai kan samar robar. Duk lokacin da aka ga kandida a jijiyar roba ta awota dole a tambayi hanji, don sau da yawa ta nan take shigowa idan roba ta goge bangonsa ta huda shi.

Abin da aka tattauna kafin yanka

An kawo shawarar a cire ƙafar hagu kawai, a bar sauran, a zagaya da sabuwar roba ta ramin ƙashin ƙugu zuwa tsakiyar cinya. Aiki ne mai sauƙi a kan majiyyaci, kuma yana da wurinsa idan cutar ta tsaya a gindin cinya, sauran robar kuma ta manne da nama sosai. A nan ruwa ya riga ya hau har marabar wandon. Hoton PET, mai haska wuraren da kumburi yake, ya nuna haske mai ƙarfi a ƙafar hagu da ƙasan gangar jikin. Barin guntun Dacron a irin wannan hali barin iri ne.

Saura tambayar da me za a maye gurbinta. Hanyar da aka daɗe da ita ita ce a cire duka, a ɗinke bakin awota ruɓi biyu, a kawo jini ƙafafu da roba daga jijiyar hammata ta ƙarƙashin fata. Tana nesanta sabuwar roba daga wurin cuta, amma kututturen awotar da aka ɗinke yana iya fashewa, wanda kusan kullum ajali ne, robar hammata kuma ta fi saurin toshewa. Ban da haka, gindin cinyar hagu da za a sauke ta ba shi da tsabta. Akwai Dacron da ake jiƙawa da rifamfisin, wadda ke da amfani a kan wasu bakteriya, amma rifamfisin ba ya taɓa fangas ko kaɗan, saka ta a nan yaudarar kai ce. Akwai jijiyar mamaci da aka daskarar, tana jure cuta, sai dai ba kullum ake samunta ba kuma takan lalace ta kumbura bayan shekaru. Akwai bututun da ake ɗinkawa daga tantanin zuciyar saniya. Sai kuma jijiyar majiyyacin kansa, wato babbar jijiyar cikin cinya mai mayar da jini sama, hanyar da Clagett da abokan aikinsa suka bayyana a 1993. Ita ta fi kowace juriyar sake kamuwa, farashinta kuwa tsawon aiki da kumburin ƙafa. An auna jijiyoyin cinyarsa biyu, faɗinsu milimita 8 da 9, babu tsohon gudan jini a ciki, zuciyarsa kuma za ta iya ɗaukar dogon aiki. Aka tsaya a kan wannan.

Tiyatar

An fara da aiki mai tsabta. Aka rufe ƙofar da ke tsiyaya da leda mai mannewa, aka ciro jijiyoyin cinya biyu ta wani yanka daban a gefen tsokar da ke ratsa cinya. Abin lura a nan shi ne a yanke jijiyar daidai bakin mahaɗarta da jijiyar can ciki ba tare da an bar wani aljihu ba, don jini kan daskare a aljihun ya wuce huhu, kuma a bar wannan ta cikin lafiya tunda ita za ta ɗauki nauyin mayar da jinin ƙafa. Rassan da aka yanke an ɗaure kowane sau biyu, saboda yanzu za su fuskanci bugun awota. Aka rufe waɗannan yanka kafin a taɓa wurin cuta.

Da aka buɗe ciki, ƙafar hagu ta robar tana iyo cikin ruwa mai launin toka, ba ta manne da nama ba, ana zare ta kamar ana zare hannu daga riga. Lafiyayyar roba sai an yi ta fama da almakashi kafin ta rabu da nama, don haka wannan sakin da kansa shaida ne. Ƙafar dama ta manne a ƙasa, amma samanta ya saki. Duwodenam ya liƙe da robar, aka raba su a hankali, ba a ga huda ko tabon ɗaci ba. Aka matse awota ƙasa da jijiyoyin ƙoda, aka cire robar duka har da kowane zaren ɗinki, aka gyare bakin awota kusan santimita ɗaya har aka kai bango mai lafiya. Aka kankare mataccen nama, aka wanke da ruwan gishiri mai yawa, aka sauya safar hannu da kayan aiki da zannuwa, sannan aka ɗinka sabon wando na jijiyarsa. Aka jawo labulen kitsen nan da ke lulluɓe da hanji aka naɗe aikin da shi, ya shiga tsakaninsa da duwodenam. Wannan kitse yana da jini sosai, shi ke kai magani da fararen ƙwayoyi wurin. A gindin cinyar hagu aka juyo tsoka aka rufe mahaɗa, aka bar fata a buɗe. Aikin ya ci awa tara, an ƙara masa jini leda biyar.

Samfuri yakan lalace a wannan gaɓa fiye da yadda ake zato. Guntaye biyar aka aika, kowane a kwalbarsa: saman roba, maraba, ƙafar hagu, ƙafar dama, da bangon awota. Wanda za a rena ba a sa shi a fomalin, don fomalin kashe komai yake yi. Na dubawa a madubi ne kaɗai ake sa wa. A takardar aka rubuta ƙarara cewa ana neman fangas, don a shuka a faranti na musamman a kuma ajiye har mako huɗu saboda dangin funfuna masu jinkirin tsiro. An girgiza guntayen robar da na'urar sauti don a kakkaɓe yauƙin. Glabrata ta fito a huɗu, har da saman ƙafar dama da bangon awota. Da an bi shawarar cire ƙafa ɗaya, da an rufe ciki a kanta.

Bayan tiyata

Ƙoda ta ƙara rauni a kwanakin farko, ta farfaɗo cikin kwana goma ba tare da wanki ba. Ƙafafu sun kumbura, an riƙa duba sharaɓa kowane awa biyu a daren farko saboda tsoron matsin tsoka, amma bai kai ga a tsaga ba. An ɗaga ƙafafun, aka sa safar matsi da allurar hana daskarewar jini. Mikin hagu an sa masa na'urar tsotsa, a kan tsoka ba a kan jijiya ba, da ƙaramin ƙarfi, domin soso a kan mahaɗa kai tsaye yana jawo ɓallewar jini. An cire bututun wuya da zarar ya fara cin abinci. An riƙe suga ƙasa da 10 da insulin.

Mikafanjin ya ci gaba mako shida cur daga ranar tiyata, ana duba hanta kowane mako. Tunda bangon awota ya nuna ƙwayar, aka ga bai kamata a tsaya nan ba. Awon jin magani ya ba da 8 ga flukonazol, wato glabratar tana cikin masu ji idan an ba da babban adadi, don haka aka koma flukonazol na sha miligiram 800 a rana, da sharaɗin a rage rabi idan tacewar ƙoda ta sauka ƙasa da 50. A nan flukonazol yana da amfani, domin robar da ke kare ƙwayar ta tafi.

Sai dai ya zo da rigimarsa da sauran magunguna. Majiyyacin yana shan kilofidogirel, maganin hana gudan jini, wanda sai hanta ta sarrafa shi kafin ya yi aiki, flukonazol kuma yana toshe wannan hanya, aka mayar da shi asfirin. Maganin kitsensa atobastatin ne, aka sauya da firabastatin don gudun lalacewar tsoka. Da yana shan warfarin, maganin tsinka jini, da sai an rage shi sosai ana auna jini a kai a kai, don haɗin biyun na jawo zubar jini. An yi awon bugun zuciya kafin farawa da bayan mako ɗaya, saboda babban adadi yana tsawaita tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta sake shirya wa bugu na gaba, an kuma tabbatar fotasiyam da magnesiyam ba su yi ƙasa ba.

Da Aspergillus ce ta fito, da borikonazol za a bayar, miligiram 6 ga kilo sau biyu a ranar farko, sannan 4 ga kilo sau biyu kullum, ana auna yawansa a jini ya tsaya tsakanin 1 da 5.5. Da kuma majiyyacin bai iya ɗaukar tiyata ba aka bar robar, da maganin danne cutar zai sha iya rayuwarsa, kuma da an gaya masa da iyalinsa tun farko cewa riƙe ta ake yi ba warkarwa ba, a kuma koya musu cewa ɗan jini daga miki ko baƙin bayan gida gargaɗi ne na zuwa asibiti nan take.

An tsayar da flukonazol a wata na shida bayan tiyata, lokacin da CRP ya daɗe ƙasa da 5, beta-glukan ya sauka ƙasa da 80 sau biyu a jere, hoton CT kuma bai nuna ruwa ko buhun jini ba. Mikin hagu ya rufe a mako na tara. Ƙafar dama ta saki kumburi, ta hagu tana ɗan tashi da yamma, yana sa safa. A duban wata na tara an ga ƙafar dama ta sabon wandon ta ɗan tsuke a mahaɗar ƙasa, gudun jini ya ninka a wurin, aka buɗe ta da balan-balan ta cikin jijiya. An tsara masa duban jijiya kowane wata shida, da hoton CT sau ɗaya a shekara, da sake awon beta-glukan duk lokacin da zazzaɓi ya zo ba tare da dalili ba.